Birin da aka ɗura wa cuta, wa zai ci gaba da ciyar da shi?

Abba Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ke cina, ina so manya su duba mini. Tun 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta daina ba da kuɗin gwajin cututtuka a jikin birin cimfanzi. Tarayyar Turai ta riga su, ta rufe ƙofar da dokar 2010. To mu da Allah ya ajiye mana birin nan a gida, yana nan a dajin Gashaka-Gumti tsakanin Taraba da Adamawa, kuma mu ne ciwon hanta ke ci, mu ne zazzaɓin Lassa ke ɗauka duk rani, me zai hana mu gina cibiyar da za a killace su, masananmu su yi bincike a kansu? Har yaushe za mu zauna muna jiran a aiko mana da rigakafi?

Ɗan Charanchi: Abba, ƙasar da aka ce gwaggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano a 2019, ita kake so a damƙa wa birai ɗari? Ai kasafin jiha guda sai ya ƙare a cikinsu 😂

Admin: Ɗan Charanchi ka fara. A bar yaro ya samu amsa. Dakta Binta da Dakta Lawal, fagenku ne.

Dakta Binta: Wa alaikumus salam. Abba ƙanena, zan fara da ba ka gaskiyarka, don kada a ɗauka tambayar wasa ce. Birin nan ya yi wa likitanci aikin da babu dabbar da ta yi irinsa a fannin ciwon hanta. Dalili kuwa, ƙwayar cutar hanta nau'in B da nau'in C ba ta kama ɓeran gwaji, ba ta kama zomo. Ban da mutum, cimfanzi ne take kamawa yadda za a bi sawunta. Rigakafin nau'in B na farko, wanda aka amince da shi a 1981, daga jinin mutane masu ɗauke da cutar aka tace shi, don haka sai da aka gwada a jikin birai aka tabbatar babu ƙwaya mai rai a ciki kafin a soka wa mutum. Nau'in C kuwa shekaru aka yi ana ganin ɓarnarsa ba a san ko mene ne ba. A 1978 Harvey Alter da abokan aikinsa suka nuna cewa jinin masu ciwon yana sa wa cimfanzi cutar. A 1989 Michael Houghton da nasa mutanen suka zaƙulo ƙwayar daga jinin wani birin da aka sa wa ita. A 1997 Charles Rice ya tabbatar ita kaɗai ta isa ta jawo ciwon, shi ma a hantar biri ya gwada. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2020. Yau nau'in C ana warkewa da ƙwayoyin sha na kamar wata uku.

Amma ka lura da abin da ya sa suka daina. Ba tausayi ne kaɗai ba. A 2011 kwamitin masana na Amurka ya zauna ya duba, ya ce mafi yawan binciken da ake yi a jikin birin nan a lokacin ba ya buƙatarsa. An riga an iya raya ƙwayar nau'in C a kwalba, an samu ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum. Wato kana neman mu ɗauki hanyar da masu ita suka bari bayan sun samu wadda ta fi sauri da arha.

Abba Ƙofar Ƙaura: Anti Dakta, ai kun ƙara mini ƙarfi. Su sun ci amfaninsa sun ƙoshi, sannan suka ce haramun ne. Mu da ba mu ɗanɗana ba fa?

Dakta Lawal (na dabbobi): Bari in shigo ta wajen da na fi sani, wato ajiyar dabbar kanta, don Abba na ce “a killace su” kamar maganar garken awaki yake. A daji, cimfanzi cikin jama'a yake rayuwa, ayari mai kai gomiya, wani ma ya haura ɗari. Ɗa yana maƙale da uwarsa wajen shekara biyar. Kowane dare sai ya hau bishiya ya lanƙwasa rassa ya yi shimfiɗa sabuwa. To binciken cuta mai yaɗuwa kishiyar wannan yake nema. In ka sa wa biri ƙwayar cuta, dole ka raba shi da sauran, in ba haka ba sai su shafa wa juna, bincikenka ya lalace. Kejin da aka saba ajiye babban biri a ɗakunan gwajin Amurka ƙafa 5 ne faɗi, ƙafa 5 tsawo, ƙafa 7 sama. Ku auna a ɗakinku ku gani. Ƙarfe ne ko'ina don a ji daɗin wanke shi da maganin kashe ƙwayoyi. Mai kawo masa abinci fuskarsa a rufe, hannunsa cikin safa. Duk ranar da za a ɗebi jini ko a tsakuro naman hanta, sai an harbe shi da allurar barci, don ƙarfinsa ya fi na ƙato, ba ya kamuwa da hannu. Biri ne mai wayo, da ya hango bindigar allurar ya san me ke tafe, sai ihu da zawo. Waɗanda suka daɗe a haka za ka ga suna ta rausaya jiki gaba da baya, suna tuge gashin kansu, wasu har cizon kansu suke yi. Jane Goodall, matar nan da ta fara nazarinsu a Gombe ta Tanzaniya a 1960, ta shiga irin wannan ɗaki a jihar Maryland a 1987, ta tarar da 'ya'yan cimfanzi a rufe cikin akwatuna, kuma abin da ta gani ya ƙara ingiza ta cikin fafutukar a daina.

A 2013 wani kwamitin NIH ya ce in har za a ajiye su, to a bar su aƙalla su bakwai tare, su samu abin hawa, su fita waje, kowane ɗaya a ba shi fili murabba'in ƙafa 1,000. Hukumar ta karɓi sauran shawarwarin, ta tsaya a kan na filin, daga baya ta yanke 250. 

Ɗan Charanchi: Gombe ta Tanzaniya? Ni har na fara shirin kiran abokina na Dukku in ce ashe kuna da su ba ku faɗa ba.

Baba Alhaji: Ni da na yi aikin gandun daji har na aje, tambaya ɗaya nike ma Abba. Ina za ka samo su? Babba ba ya kamuwa. Ɗan ake ɗauka, uwa kuwa ba ta sakin ɗanta da rai, sai an harbe ta, sau da yawa har da waɗanda suka tsaya kare ta. Irin namu na Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci cikin ire-iren cimfanzi huɗu, duka-duka ba su kai 10,000 ba, kuma mace sai ta yi shekara biyar ko shida kafin ta sake haihuwa. Dokar kare namun daji ta 1985 ta hana taɓa su. Da ma masu gadin Gashaka fama suke da mafarauta da masu sarar itace. Ka buɗe kasuwar da za a sayi ɗan biri da tsada, ka ga abin da zai rage cikin dajin.

Abba Ƙofar Ƙaura: Allah ya ƙara girma Baba. Ai ba sai an ci gaba da kamowa ba, sai a kiwata su su hayayyafa a cibiyar.

Dakta Lawal (na dabbobi): An gwada wannan ɗin ma. A 1986, lokacin da ƙanjamau ta firgita duniya, Amurka ta buɗe shirin hayayyafar cimfanzi don a yi binciken cutar a kansu. Aka haifi ɗaruruwa. Sai aka tarar ƙwayar tana shiga jikinsu amma da wuya ta kwantar da su yadda take kwantar da mutum. A 1995 aka dakatar da hayayyafar. Ga birai jibge, ba aikin yi, kowane zai iya shekara 50 ko fiye, ba a iya mai da su daji don ba su san shi ba, wasu kuma suna ɗauke da cuta. Sai da majalisarsu ta yi doka a 2000 aka tanadi gidan ritaya, Chimp Haven a jihar Louisiana, inda wajen 300 suke zaune, mafi yawan kuɗin daga aljihun gwamnati. Biran da suka rage a cibiyar Alamogordo ta jihar New Mexico kuwa sai a ƙarshen 2024 aka yanke shawarar kwashe su zuwa can. Bincike na shekara biyu ko uku, ciyarwa ta rabin ƙarni.

Maman Sadiq: Ni dai duk wannan bayani ƙara mini tsoro yake. Ashe da gaske ne da aka ce allurar korona da biri aka haɗa ta? Mu aka mai da marasa ilimi da muka ƙi zuwa. Kuma ku tuna abin da aka yi wa yaran Kano lokacin sankarau. Wanda bai ji tausayin 'ya'yan mutane ba, biri zai ji wa?

Dakta Binta: Maman Sadiq, magana biyu kika haɗa, bari in raba su. Na Kano gaskiya ne, a 1996 aka yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer da yara kusan 200, wajen rabinsu aka ba Trovan, sauran wani maganin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta. Shi ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, kuma mu ma'aikatan lafiya har yau muna biyan bashin wannan rashin amanar. Na korona kuwa, allurar AstraZeneca da ta iso mana a watan Maris na 2021 an gina ta ne a kan wata ƙwayar mura da aka fara samowa daga cimfanzi, aka cire mata ikon hayayyafa, aka ɗora mata saƙon da jiki zai koya. An zaɓe ta ne don jikinmu bai saba da ita ba, ba zai kashe ta tun a bakin ƙofa ba. A masana'anta ake raya ta cikin tankuna. Babu jinin biri, babu namansa a cikin kwalbar.

Maman Sadiq: To ƙanjamau fa? Ba daga irin waɗannan ɗakunan ta fito ba?

Dakta Binta: A'a Yaya. An bi asalinta har zuwa cimfanzin dajin kudu maso gabashin Kamaru, kuma ta tsallako jikin mutum tun farkon ƙarni na 20, kafin a gina ko ɗaya daga cikin ɗakunan nan. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne ta hanyar farauta da fiɗa, jini ya haɗu da rauni. Daga nan ta bi kogi ta samu gindin zama a Kinshasa.

Malam Nura Daura: Na jima ina karantawa. Abba ɗana, kalmarka ta “sun ci sun ƙoshi” ita nake so mu tsaya a kai, don hujja ce mai daɗin ji amma ba ta tsayawa. In abu zalunci ne, yin da wani ya riga ka bai mai da shi rabonka da aka hana ka ba. Addininmu bai hana amfani da dabba ba, muna hawa, muna yanka, muna noma da su. Amma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ku lura, ba dukanta ta yi ba, tsarewa ce da sakaci. Malamai sun ce lalura tana halatta abin da aka hana, amma sun ɗaure ta da cewa gwargwadonta ake ɗauka. A 1978, da ba wata hanya, mutane na mutuwa bayan ƙarin jini, ni ba zan yi saurin la'antar waɗancan likitoci ba. Yau da Dakta ta ce an samu madadi, ina lalurar?

Tsohon Soja: Malam ya kawo maganar tsarewa da sakaci, to a tambayi mutanen Laberiya. Na san yankin Robertsfield lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, can wajen bakin kogin Farmington. Ƙasar fadama ce da itatuwan cikin ruwa, da rani ruwan kogin gishiri yake komawa. Dakta Lawal, ku ba su labarin tsibiran, kun fi ni iya jera shi.

Dakta Lawal (na dabbobi): Ranka ya daɗe, da ma nan nake son zuwa, don abin da Abba ke nema an riga an yi shi a Afirka ta Yamma, ba hasashe ba ne. A 1974 cibiyar jini ta New York ta buɗe ɗakin bincike a Laberiya mai suna Vilab II. Me ya kawo su? Birin yana kusa, aiki da arha. Suka yi wajen shekara 30 suna gwajin ciwon hanta da wasu cututtuka. Waɗanda aka gama da su sai a kai su wasu ƙananan tsibirai shida, tunda cimfanzi ba ya iyo, ruwa ya zama katanga. Tsibiran ba su da abincin da zai riƙe su, ba ruwan sha na kirki, sai an loda ayaba da gwanda da rake a kwale-kwale an kai musu. Lokacin yaƙin basasa da yawa sun mutu, kuma ma'aikata 'yan ƙasar ne suka riƙa sai da ransu suna kai abincin. Bincike ya tsaya wajen 2005. A watan Maris na 2015, ƙasar na tsaka da jinyar Ebola, cibiyar ta yanke kuɗin ciyarwa, ta ce biran mallakin gwamnatin Laberiya ne, ita ba ta da wani wajibi a kanta. Birai sama da 60. Ƙungiyoyin kare dabbobi suka yi ta tara taro da sisi, aka yi ta zanga-zanga a New York, sai a 2017 cibiyar ta yarda ta ba da dala miliyan 6, ƙungiyar Humane Society ta ɗauki sauran nauyin har ƙarshen rayuwarsu.

An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, kuma a ƙofar gidan talaka aka yar. Abba, cibiyar da kake mafarki, kuɗin gina ta daga waje zai zo, don ka san abin da ake ware wa bincike a nan. Ranar da mai kuɗin ya ce ya gama, wa zai ɗauka? Ƙasar da tsofaffin ma'aikata ke bin layin fansho ce za ta riƙe fanshon biri shekara 40?

Baba Alhaji: Lawal ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi, amma bari in yi shiru.

Abba Ƙofar Ƙaura: Na ji na Laberiya, kuma ya taɓa ni. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Har gobe ana amfani da dubban ƙananan birai irin na Asiya a ɗakunan gwaji, a kansu aka gwada rigakafin korona. Me ya sa ba a yi musu doka ba? Don ba su kai cimfanzi kama da mu ba? Kenan tausayin na son kai ne. Kuma Malam, in gobe wata annoba ta ɓullo wadda ba ta kama kowa sai mu da cimfanzi fa?

Malam Nura Daura: Tambayarka ta farko ta fi ta biyu nauyi. Hadisin kyanwa bai ce sai dabbar ta yi kama da mutum ba, don haka ƙaramin biri ma yana da haƙƙi, ɓera ma haka, a rage yawansu, a rage musu azaba, a bar su da zarar an samu wata hanya. Ta biyun kuwa, in ranar ta zo masana da malamai za su zauna. Dokar Turai ma an ce ta bar 'yar ƙofa don irin wannan. Amma ba a tsare rai shekara da shekaru saboda “wataƙila”.

Dakta Binta: Haka ne Malam, ta bar ƙofar. Abba, ga wani abu kuma. Lassa da ka kafa hujja da ita, ba a cimfanzi ake nazarinta ba, ɓeran Masar da ƙananan birai ake amfani da su, kuma aikin ya riga ya wuce nan, a 2024 an fara gwajin rigakafinta mataki na biyu a Abuja a jikin mutanen da suka amince da kansu. Asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo ya daɗe yana aiki a kanta. Cibiyar nazarin ƙwayoyin halitta da ke Ede a jihar Osun ita ta fara karanta tsarin ƙwayar korona a Afirka a 2020, ba da biri ko ɗaya ba. In zafin jiran rigakafi daga waje ne ke damunka, ka tambayi abin da ya sa masana'antar rigakafi ta Yaba, wadda ta yi mana na 'yan rani da na shawara, ta tsaya tun 1991, alhali ta Vom tana yin na dabbobi.

Ciwon hanta kuwa ba binciken ne ya rage mana ba. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 a ƙasar nan suna ɗauke da nau'in B. Rigakafin yana cikin alluran yara tun 2004, kyauta ne. Amma a nan Katsina sai mutum ya zo mana ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ya gama shan jiƙe-jiƙen shawara, hanta ta riga ta ƙone. Yawancinsu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa ko ta aska da reza ɗaya.

Ɗan Charanchi: Wanzamai sun shiga uku yau.

Maman Sadiq: Dakta, wannan allurar ta hanta ita ce ta cikin wadda ake yi a sati shida?

Dakta Binta: Tana ciki, amma akwai ta farko ita kaɗai, wadda ake so a yi cikin awa 24 da haihuwa. Ita ce ke tare cutar kafin ta wuce daga uwa zuwa ɗa. A nan muke faɗuwa, don haihuwar gida ta fi yawa, kuma ba a fita da jariri sai bayan suna. In an makara ana karɓa har kwana 14, amma ƙarfinta a ranar farko yake. Mai ciki kuma ta ce a duba mata hanta a wajen awo. Ke da kike da ƙanwar miji a kan gwiwa, kada ku jira a yanka rago.

Maman Sadiq: Fita da jinjiri ranar da aka haife shi, cibiya ba ta faɗi ba? Dakta, sai dai ki zo Rafindadi ki gaya wa surukata da bakinki, ni ba zan iya ba.